Sallar Layya ta ƙarato: ya za mu yi da taron gidan Inna, kuma wane girki ne ba ku iya bari?

Maman Hanan, Jidda

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Barkanmu da shigowar goman farko na Zulhajjin wannan shekara ta 2020, masu azumi Allah ya karɓa.

Shawara nake nema kan taron sallah a wannan lokaci na annobar korona, ku yi haƙuri zan ɗan ja zancen don ku gane inda abin ya ɗaure mini kai. Ni a unguwar Gulail nake da maigidana da yaranmu. Mahaifiyarmu, Inna, tana Hindawiyya a wajen babban yayanmu. Ta haura shekara saba'in, ga ciwon suga ga hawan jini. Tun da na yi wayo a gabanta ake yinin sallah, ƙarama da babba, kuma ko bayan da duk muka yi aure muka watsu a unguwanni ba a taɓa fasawa ba.

Ranar layya, maza na dawowa daga idi sai su wuce mayanka, mu mata kuma mu tattaru a wajenta tun da sassafe. Inna ba ta sa komai a bakinta sai hantar ragon ta iso. Ita da kanta take yanka ta ƙanana, ta soya da albasa da ɗan yaji, ta bi kowa da loma ɗaya, daga Yaya Babba har jaririn da ya fara haƙori. Bayan nan ne ake ɗora tukunyar tuwon shinkafa. Miyar taushe kuwa ba mai taɓa ta sai ita. Tana zaune a kan 'yar kujerarta ta tsuguno a bakin kicin, mu muna fere kabewa muna gyaran alayyahu, ita tana cewa "ƙara gyaɗa", "rage wuta", "daddawar nan ba ta daku ba, a sake". In miya ta nuna, kafin kowa ya ci sai an zuba wa maƙwabta. Yara su ɗau kwanuka su bi bene hawa-hawa: gidan Yamalawan da ke ƙasa, gidan wata tsohuwa 'yar Chadi, gidan Larabawan da suke aiko mana da dibyaza, wato kayan zaƙinsu na busassun 'ya'yan itace, duk ƙaramar sallah. Kwano ba ya dawowa wayam. Washegari ranar suya ce, rana ta uku kuma farfesun kai da ƙafa.

To kun san yadda ƙaramar sallar bana ta kasance. Mu a Gulail tun 4 ga Afrilu aka rufe unguwarmu tare da su Bitrumin da Mahjar da Kilo 14, ba shiga ba fita. Da sallah ta zo kuma aka sa dokar hana fita dare da rana a ƙasar gaba ɗaya, daga 23 zuwa 27 ga Mayu. Ranar Lahadin sallah maigidana ne ya ja mu raka'a biyu a falo, muna jin kabbara daga lasifikar masallaci amma masallacin a kulle. Na yi tuwo, na yi miya da 'yar ragowar daddawar da nake ta tattali, don tun da aka dakatar da Umra a ƙarshen Fabrairu babu wanda ya zo mana da ita daga gida. Muka kira Inna ta bidiyo. Ta amsa gaisuwar jikoki ɗaya bayan ɗaya, sannan ta tambaye ni wa ya taya ni tuƙi. Na ce ni kaɗai na yi. Ta yi shiru, ta miƙa wa matar Yaya wayar. Daga baya matar Yaya ta gaya mini ranar ko rabin malmala Inna ba ta ci ba. Abin nan har yau yana cina.

Yanzu an ɗage dokar tun 21 ga Yuni, kuma an yarda a taru in ba a wuce mutum 50 ba. Mu da 'ya'ya da jikoki ba mu kai hakan ba, wato ta fuskar hukuma ba mu da laifi. Amma gidan Yaya ɗaki uku ne da falo, ga zafin Yuli, dole a rufe tagogi a kunna na'urar sanyi. Maigidana a kasuwar kayan gwari yake aiki, kullum cikin jama'a. Ɗan Yaya ɗaya yana kai saƙon abinci gida-gida. Yaya Babba ya ce a taru kamar kullum, rai a hannun Allah yake, kuma ba zai sake kallon Inna tana sallah ita kaɗai ba. Autanmu ya ce shi da iyalinsa ba za su zo ba, kuma in wani abu ya sami Inna ba zai yafe wa kowa ba. Yanzu ko gaisawa ba sa yi sosai. Ni ina tsakiya, kowanne ya yi magana sai in ga gaskiyarsa.

Sallah ranar Juma'a ce, 31 ga Yulin 2020. Ku da kuke da tsofaffi a gida, me kuka tsara? Sannan don Allah ku gaya mini abin da kuke girkawa, musamman wanda ya san yadda ake miyar taushe ta yi daɗi ba daddawa.

Goggon Yara, Madina

Wa alaikumus salam 'yata. Allah ya ƙara wa Inna lafiya, ya sa ta ga sallar baɗi da ta baɗin baɗaɗa.

Bari in fara da miya, don nan ne nake da ta cewa. Ba zan ruɗe ki ba, babu abin da ke maye gurbin daddawa. Amma ana iya yin taushe mai daɗi in kika ba romo haƙƙinsa. Ki samo ƙashi mai ɓargo da ɗan bindin rago, ki ɗora tun da asuba a kan wuta kaɗan, da albasa da citta da kanumfari da masoro. Kar ki yi gaggawa, sai naman ya fara barin ƙashi da kansa. A cikin wannan romon za ki dafa kabewar har ta narke, ki dama ta da muciya, ba da na'urar markaɗe ba, don na'ura tana mai da ita ruwa. Kabewar nan ta kasuwa mai jan ciki ita za ki nema, ki ƙwanƙwasa ki ji ta yi tauri. Jajjagen tumatir da tattasai da attaruhu ki soya shi daban sai ya daina tsami kafin ki juye. Gyaɗa kuma ki soya ta sama-sama ki daka da kanki. In kina da busasshen kifi ki ɗan daka ki zuba, yana rufe wani abu daga gurbin daddawar. Alayyahu a ƙarshe, kuma tunda yakuwa ta yi wuya, ki jiƙa tsamiya kaɗan ki tace ki zuba bayan kin sauke. Kaɗan fa, ba kunu kike yi ba.

Tuwon kuma da shinkafar Masar za ki yi, 'yar gajerar nan mai danƙo. Doguwar shinkafar kabsa ba ta tuƙuwa, wahala kawai za ki sha.

Amma ki kwantar da hankalinki. Akwai wata baiwar Allah 'yar Katsina da ta sauka a gidana kafin a rufe Umra, ta bar mini daddawa da kuka da yawa, na sa a firiza. Ɗan ƙanwata zai zo Jidda ranar Laraba. Ki yi mini magana ta akwatin saƙo in ba shi ya kawo miki. Inna ba za ta ci taushe ba daddawa ranar layya ba ina da ita a ajiye.

Ni abin da ba na iya sallah babu shi waina ce. Ko a ƙaramar sallah da aka kulle mu, kuma mu a Madina tun 2 ga Afrilu aka fara kulle mu dare da rana, sai da na fito da tandata na soya. Ba wanda zai zo, na sani, amma na soya ta fi ɗari. Na zuzzuba a leda da 'yar robar miya, jikana ya ajiye wa kowane gida na cikin benenmu a bakin ƙofa, ya ƙwanƙwasa ya koma da baya. Bai fita titi ba balle a ce ya karya doka. Wata maƙwabciyata Ba'indiya ta kira ni tana kuka, wai ta ɗauka bana ba za ta ga wainar ba.

Game da taro, ni ma tsohuwa ce, na san abin da Innarku take ji. Mu tsofaffi ba cin naman ne ya dame mu ba, haƙoran ma ina suke. A tambaye mu, a yi da mu, shi ne. Ku je ku tambaye ta ita me take so kafin yayanku da autanku su gama yanke hukunci a kanta. Ban ga inda kika ce an tambaye ta ba.

Abu Sadiƙ, Makka

Salam. Hajiya Maman Hanan, ni ina bayan Yaya Babba, kuma zan faɗi dalilina.

Sana'ata tsire, a wajen Shari'u Mansur nake gashi tun ina saurayi. Ku mutanen Jidda kuna da gata, kuna yin babbar sallah a gida. Mu a Makka ba mu san wannan ba. Ranar layya kowa yana Mina: mai aski yana aski, mai tura keken tsofaffi yana turawa, mai dafa wa alhazai yana kan tukunya, mahauta suna mayanka har dare. Ranar Arfa garin yakan zama na mata da yara, su tafi Harami su yi ɗawafi tunda ya yi sarari, su sha ruwa a can. Mu maza sai bayan jifa muke dawowa a gajiye, sallah ta riga ta wuce. Bara, 2019, mutum kusan miliyan biyu da rabi ne suka yi Hajji. Bana an ce 'yan ƙalilan ne kawai daga mazauna ƙasar, ba wanda zai zo daga waje. Ba aiki, ba ciniki, kuɗin hayar da muke biya da ribar Hajji ban san inda za su fito ba. Amma bana zan yi idi in dawo gida in zauna da mahaifiyata da 'ya'yana, abin da ban taɓa samu ba tun da na girma. To a ce kuma in zauna nesa da ita? Wallahi da wuya.

Kuma mun sha kulle fiye da kowa. Unguwannin Hoshi Bakar da Misfala da Nakkasa da Ajyad tun 30 ga Maris aka killace su. Masallatan sauran garuruwa an buɗe su 31 ga Mayu, namu sai 21 ga Yuni. Na ga abin da zaman kaɗaici ya yi wa tsofaffin unguwarmu. Wani dattijo da kullum yake zama a gefen tukubata yana ba mu labarin yadda suka zo ta Sudan a ƙasa, da aka buɗe na je gaishe shi, da ƙyar ya gane ni. Korona ba ta kama shi ba, amma ya tafi sosai. Zumunci a ƙafa yake, waya ba ta isa.

Ba cewa nake a cunkusu a falo ba. Mu abin da muka shirya, saman bene za mu hau bayan Isha'i in gari ya ɗan sha iska. Za a shimfiɗa tabarmi, kowane gida da tasa, Hajiyarmu a kan kujera a gefe inda iska ke kaɗawa. In gidan yayanku yana da sama, ku roƙi mai gidan ya ba ku mabuɗi.

Girki kuwa, ni tsire zan yi musu, kuma ga yadda ake yinsa don masu son gwadawa. Kar ku gasa naman da aka yanka yau, tauri zai yi. Ku bar shi ya kwana a firiji. A samu tsokar cinya marar jijiya, a yanka fale-fale yadda in ka ɗaga za ka kusa ganin haske ta ciki. Ƙuli-ƙuli shi ne ran tsire, kuma tunda ba a kawowa yanzu, ni da kaina nake yi: a soya gyaɗa, a murje ɓawon, a niƙa, a zuba ruwan zafi kaɗan-kaɗan ana murzawa har mai ya fito, a matse, a soya tunkuzar ta bushe, sannan a daka. A haɗa da citta da barkono da masoro da kanumfari da gishiri. A soke naman a tsinke, a shafa man gyaɗa, a birkiɗa shi cikin garin har ko'ina ya rufu, a bar shi ya ɗan sha. Wuta kuma garwashi ake so, wanda ya yi fari a sama. In harshen wuta ya taɓa ƙulin, ɗaci zai yi. A jera a gefen garwashin, ana juyawa ana yayyafa mai. Larabawan Makka da ke layi a wajena da daddare, wannan haƙurin na wuta suke saya.

Ummu Yasir, Jidda

Maman Hanan, sannu da ƙoƙari. Malam Abu Sadiƙ, na ji maganarka kuma ban raina ta ba, kaɗaici ciwo ne. Amma ni ma'aikaciyar jinya ce a wani asibiti a garin nan, dole in faɗi abin da idona ya gani.

A tsakiyar Yuni masu kamuwa a ƙasar nan sun kusa 5,000 a rana. Yanzu sun sauko wajen 2,000, alhamdu lillahi, amma 2,000 ba kaɗan ba ne. A ɗakin da nake aiki na karɓi uwa da ɗanta da surukarta a mako guda, daga walima ɗaya. Matasan suka warke suka koma gida. Uwar ba ta koma ba, kuma ba wanda ya samu ya riƙe hannunta. Ɗan yana tsaye a bakin ƙofar asibiti kullum yana tambayata ko ta ci abinci. Ba na so in ga wani daga cikinku a wannan tsayuwar.

Abin da ya sa cutar nan take da wuyar sha'ani, mutum yana iya yaɗa ta kafin shi kansa ya ji komai, wani ma har ya warke bai san ya yi ba. Daga kamuwa zuwa bayyanar alamu tana iya kai kwana 14. Wato "ai duk lafiyarmu lau" ba hujja ba ce. Kuma waɗanda ta fi kayarwa su ne irin Inna daidai: shekaru, suga, hawan jini. Dokar mutum 50 iyaka ce ta tara, ba ta ce mutum 40 a falo ɗaya da tagogi a rufe ba su da haɗari.

Abinci kuwa ku kwantar da hankali, ba a tabbatar da cewa ana ɗaukarta ta dafaffen abinci ba. Numfashi ne, da kusanci, da daɗewa a rufaffen wuri. Don haka kai kwano gidan maƙwabta babu laifi. Inda matsalar take shi ne zama kafaɗa da kafaɗa a kan tire ɗaya, da rungumar sallah, da sumbatar kan tsofaffi da muka saba a nan, da jikoki su hau cinyar kaka.

Da ni ce ke, ga abin da zan kai wa Yaya Babba. Sallah ba yini ɗaya ba ce. Akwai Juma'a, Asabar, Lahadi, har Litinin. A raba, kowace rana gida ɗaya ya je, a zauna a sama kamar yadda Malam ya ce, ko a falo da taga a buɗe ko da za a sha zafi. Kowa da takunkumi in ba lokacin ci ba, Inna da kwanonta ita kaɗai a ɗan nesa. Maigidanki da ɗan Yaya mai kai saƙo su yi rajistar gwaji ta manhajar Sehhaty tun yau, kyauta ne a cibiyoyin Ta'akkad. Wanda ya ji zazzaɓi ko tari ko ya daina jin ƙamshi, ya zauna a gida ya kira layin ma'aikatar lafiya, 937, ko ya je asibitin Tatamman, kar kunyar sallah ta sa ya zo. Masu zuwa idi kuma, bana a masallatai za a yi ba a fili ba, kowa ya tafi da dardumarsa, Inna kuma ta yi tata a gida.

Wata magana da nake so ta isa kunnen mutanenmu: tun 30 ga Maris na 2020 Sarki Salman ya ba da umarni a yi wa kowa maganin korona kyauta, har wanda iƙamarsa, wato takardar izinin zama, ta mutu ko ba shi da ita sam. Na ga waɗanda tsoro ya sa suka zauna a gida sai da numfashi ya gagara. In kun san irinsu a unguwa ku gaya musu.

Ni ranar sallah ina bakin aiki, don haka dambun nama nake yi tun kafin lokaci da naman kasuwa. A dafa shi da kayan ƙamshi har ruwan ya tsotse, a daka a turmi, a soya a mai kaɗan ana juyawa har ya wartsake ya yi wara-wara. Yana daɗewa bai lalace ba, kuma shi ne abin da nake ƙullawa in kai wa abokan aikina 'yan Filifin da Indiya, sun san shi har suna tambaya. Ki lura da Inna wajen tuwon shinkafa da zoɓo mai sukari, malmala ƙarama ta ishe ta, a cika mata miya da ganye.

Ɗan Gadarif, Riyad

Assalamu alaikum. Ni direba ne a nan Riyad, iyalina suna Gadarif a Sudan, can aka haifi kakana ma. Duk shekara a irin wannan lokaci nakan ɗau hutu, in gangara Jidda in hau jirgin ruwa zuwa Sawakin, in yi sallah a gida in ga yadda shukar riɗi da dawa ta kama, tunda damina ce. Bana tun 15 ga Maris aka tsai da jiragen waje, kuma ko na samu hanyar fita ban san ranar da zan dawo bakin aikina ba. Na aika musu kuɗin rago, shi ke nan abin da zan iya.

Ina karanta zancenku ina jin daɗi ina kuma jin wani iri. Ku kuna shawarar yadda za ku ga mahaifiyarku, mu ko wannan zaɓin ba mu da shi. Ban faɗa don in sa ki jin nauyi ba Hajiya, kawai ki gode wa Allah tana gari ɗaya da ke.

A gidanmu ranar layya da marara ake buɗe baki: hanta da tumbi a wanke tas, a yanka ƙanana, a haɗa da albasa da barkono da lemon tsami da dakkwa, wato niƙaƙƙiyar gyaɗa, ɗanye ake ci. Na san mutanen Najeriya da yawa ba sa iya ta. Daga nan sai shayya, wato suyar nama, a kan wuta, da yamma kuma agashe, wato tsire, wanda duk Sudan ta san sana'ar mutanenmu ce. Amma mahaifiyata duk da haka sai ta tuƙa tuwon dawa da miyar kuka, ta ce ba ta yarda an yi sallah ba in babu shi.

Hajiya, ki leƙa shagunan 'yan Sudan a nan Jidda, ba za ki rasa busasshiyar kuɓewa da suke kira weka ba, da gyaɗar niƙa, da zoɓo mai kyau. Sai dai komai ya tashi tun da harajin kaya ya koma kashi 15 daga kashi 5 a farkon watan nan. Mu shida ne a ɗakinmu, mun haɗa kuɗi mun sayi ɗan ragon sawakini guda, za mu yi shayya a tsakar gida.

Roƙona ɗaya gare ku masu iyali. In kun zo rabon nama da tuwo, ku tuna da gwagwaren unguwarku, direbobi da masu gadi da leburori. A da masallaci ne ke haɗa mu da ku, wani ya ja hannunka ya ce zo mu je gida. Bana kowa yana sallamewa zai sa takalmi ya tafi.

Abu Sadiƙ, Makka

Malama Ummu Yasir, Allah ya saka da alheri, ya kare ku a bakin aikinku. Maganar raba kwanaki ta shige ni. Sumbatar kan Hajiya ce dai ban san yadda zan hana kaina ba, amma zan gwada. Ɗan Gadarif, da kana kusa da tsinke goma naka ne.

Maman Hanan, Jidda

Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Goggo, maganarki na bi. Jiya bayan Magariba na je Hindawiyya ni kaɗai, na zauna daga bakin ƙofar ɗakinta da takunkumina, na ce Inna me kike so a yi. Ta ce ita ba ta son a taru a yi ta faɗa a kanta, kuma ba ta son a ce wani jikanta ne ya kawo mata ciwo ya rayu da wannan a zuciyarsa. Amma hanta ita za ta soya, miya kuma ba mai ɗora mata ita a wani gida. Na kira Yaya Babba da auta a waya ɗaya na maimaita musu a gabanta, ba wanda ya ƙara ko kalma.

Ga yadda muka tsaya. Ranar Juma'a ni da matar Yaya kaɗai za mu taya ta girki, taga a buɗe, ita a kujerarta daga nesa tana ba da umarni. Auta zai zo da mota ya ɗauki kulolin tuwo da hantar kowane gida ya rarraba, har da na maƙwabta. Asabar mu da yaranmu za mu je, Lahadi gidan Yaya Rabi, Litinin auta da iyalinsa, duk a saman bene bayan Isha'i, mai gidan ya yarda. Maigidana ya samu layin gwaji gobe da safe. Ɗan Gadarif, akwai masu gadi biyu da wani mai wankin mota a layinmu, na sa su a lissafi, kuma Allah ya sada ka da naka cikin alheri.

Goggo, na tura miki saƙo game da daddawar. Sannan Inna da ta ji labarin wainarki ta ce ita ma tana so ranar Asabar, ni kuma ƙulluna kullum tsami yake yi kafin in gama suya. Me zan yi?

Goggon Yara, Madina

Zafin Jidda ne 'yata, ƙullu ba ya son a bar shi ya kwana a irin wannan yanayi. Ki jiƙa shinkafar da daddare, amma kar ki niƙa sai da safe. Ki haɗa da ludayi biyu na dafaffiyar shinkafa da albasa, ki sa yis kaɗan, ki rufe. Da kin ga ya taso ya yi ƙwai-ƙwai a sama, ki ɗiga ruwan kanwa, ki sa gishiri, ki raba biyu: rabi a gefen tanda, rabi a firiji sai kin gama da na farko. Na Inna ki ɗebe kafin ki zuba sukari. Yaron zai taso bayan Asuba ranar Laraba, ki bar wayarki a kunne. Na haɗa miki har da kuka.